Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NICRAT: ruwan ƙirjin da muke zubarwa

Zuwa ga Darakta-Janar na Cibiyar Bincike da Magance Cutar Daji ta Ƙasa (NICRAT), Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da ma'aikatan cibiyarka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya taya riƙo.

Ni ma'aikacin ɗakin bincike ne, ɗan arewa da neman ilimi ya kai Turai, abinci kuma ya zaunar da shi. Idan 'yan gida suka tambaye ni aikina, nakan ce musu raino nake yi. Dariya suke yi, amma ban yi ƙarya ba: ciwon dajin huhu nake raino a cikin faranti. Na san kai likita ne, ba ka buƙatar in karanta maka abin da ka riga ni sani, to amma da yake wasiƙar a buɗe take, ka yi mini uzuri in fara da bayyana wa sauran masu karatu yadda aikin yake.

Ranar da aka yi wa mara lafiya tiyata, ko aka tsakuro masa nama da allura, sai a aiko mana da gutsuren a 'yar kwalba cikin ƙanƙara. Wani sa'in ya kai ƙwayar gyaɗa, wani sa'in bai fi silin zare ba. Mu daddatsa shi da aska har ya zama kamar niƙa, mu zuba masa sinadarin da ke narkar da abin da ya ɗaure ƙwayoyin halittarsa, mu tace. Abin da ya sauka sai mu kwaɓa shi da wani abu mai yauƙi da ake kira Matrigel, wanda daga wani ƙari na jikin ɓera ake samo shi. Halinsa akasin na manja ne. Cikin ƙanƙara ruwa ne, da ya ji ɗumi sai ya daskare, shi ya sa ake aikinsa da sauri, hannu na rawa don sanyi. Mu ɗiga shi ɗigo-ɗigo a faranti, mu kife farantin na ɗan lokaci, mu zuba ruwan abinci a kai, sannan mu sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37. Bayan kwana uku ko huɗu a sake ruwan. In an yi sa'a, cikin mako biyu ko uku za ka leƙa ta madubin likita ka ga wasu 'yan curi-curi suna ta girma, waɗansu dunƙulallu kamar ƙwan kifi, waɗansu masu rami a ciki. Su ne ake kira oganoyid, wato ɗan kwaikwayon gaɓa. Ciwon wancan mutumin ne yake raye a gabanka, da irin sauye-sauyen ƙwayoyin gadonsa, kana iya raba shi gida ashirin ka gwada wa kowane gida magani daban, shi kuwa mai ciwon yana kwance ba a ɗura masa ko ɗaya ba.

Fasahar ba ta tsufa ba. A 2009 ne Toshiro Sato da Hans Clevers suka fara raya ɗan kwaikwayon hanji daga ƙwayar halitta guda a Cibiyar Hubrecht da ke Utrecht ta ƙasar Holan. A ɓangaren huhu, babban ci gaba ya zo bayan shekara goma: a 2019 ɗakin binciken Clevers ya fitar da hanyar raya na hanyoyin numfashi, a shekarar kuma masu bincike na asibitin Asan da ke Seoul suka ba da rahoton oganoyid 80 na dajin huhu iri biyar.

Ba sha'awar fasaha ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kawuna ne.

Mutum ne da bai taɓa sa sigari a baki ba, ko goro ba ya ci. Tari ya kama shi da kaka, ya ƙi sakinsa, ya rame har babbar rigarsa ta koma kamar aro. Aka ce tarin fuka ne. Gwajin majina bai nuna ƙwayar ba, amma hoton ƙirji ya nuna tabo, sai aka ɗora shi kan maganin wata shida. Ya sha bai tsallake rana ba, don innarmu ba ta wasa da lokacin magani. A wata na biyar numfashi ya gagara. Na iso gida na tarar an soka masa tiyo ta haƙarƙari ana zuƙe ruwa, ja-ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka, ya fi lita ɗaya. An ɗebi ɗan kaɗan don sake neman tarin fuka. Sauran, ina tsaye, ma'aikaciyar jinya ta ɗauki robar ta juye a makwarara ta kora da ruwa. Ba ta yi laifi ba, haka aikinta ya ce. Ni ne na tsaya kamar an dasa ni, don na san a inda nake aiki da gudu za a kai wannan robar ɗakin bincike. Sai da muka kai shi wani asibitin aka duba ruwan da kyau, aka ce daji ne, ya riga ya bazu. Bai ga azumin shekarar ba. Allah ya jiƙansa.

Ba na zargin likitocin da suka fara ganinsa. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, likitan da ya ga tari da rama ya fara tunanin fuka bai yi wauta ba. Damuwata ita ce babu wata ƙa'ida da ta tilasta a sake tunani idan wata biyu ya wuce magani bai ci ba. Hukumar bincike kan cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da dajin huhu a duniya, kusan miliyan 1.8 suka mutu, babu dajin da ya kai shi kisa. Mu kuwa lissafinmu yana nuna shi ƙasa-ƙasa, kuma duk wanda ya yi jinya irin tamu ya san inda wasu daga cikin mutanen suka shige: an rubuta su a littafin masu tarin fuka, an binne su da wannan suna.

To ga inda zancen oganoyid ya haɗu da robar nan. Ranka ya daɗe, dajin huhu yana da wata halayya mai ban haushi a faranti. A jikin mutum shi ne azzalumi, yana danne lafiyayyun ƙwayoyi. A faranti sai reshe ya juye da mujiya: lafiyayyun ƙwayoyin hanyar numfashi da suka maƙale a jikin gutsuren su suke fin saurin girma, su mamaye wuri kamar yadda ƙuduji ke cinye gonar dawa. Na taɓa shafe mako shida ina tattalin wani faranti, ina zuwa Asabar da Lahadi, ina ɗaukar hoto ina nuna wa abokan aiki. Curin nan sun yi kyau, zagaye sumul. Kyawun nasu ma shi ya kamata ya tsorata ni. Da aka duba ƙwayoyin gadonsu, babu ɗigon daji a ciki. Lafiyayyen huhu na yi ta ciyarwa. Ba ni kaɗai ba ne: a 2020 masu bincike na Cibiyar Cutar Daji ta Holan da ke Amsterdam suka wallafa cewa kashi 17 cikin ɗari ne kawai na samfuransu suka ba da oganoyid na daji zalla, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗebo daga cikin huhun kansa lafiyayyun ƙwayoyi sun mamaye su. Akwai dabara, wani sinadari mai suna Nutlin-3a da ke kashe ƙwayar da mai gadinta p53, wanda ke hana ta rikiɗa daji, yake lafiya, ya bar wadda nata ya lalace. Sai dai ba kowane dajin huhu ne ke da wannan lalacewar ba, a nau'in da ya fi yawa kusan rabi ne, saboda haka ga sauran rabin in ka zuba shi ka kashe ciyawa da dawa gaba ɗaya.

Ruwan ƙirji ya rage wannan matsala ƙwarai, domin ƙwayoyin dajin suna yawo a cikinsa ba tare da fatar hanyar numfashi ba. Likitoci a Guangzhou ta ƙasar Sin sun bi wannan hanya. A rahotonsu na 2023 sun raya oganoyid 214 daga marasa lafiya 107, akasari daga irin wannan ruwa, kuma abin da farantin ya nuna game da magani ya dace da abin da ya faru a jikin mara lafiya fiye da sau 80 cikin ɗari. Dubi yadda abin ya zo daidai da halinmu. Tiyatar huhu ba ta da yawa a asibitocinmu, masu yinta ƙalilan ne, kuma marasa lafiyarmu kan iso bayan lokacin tiyata ya wuce. Amma ruwan ƙirji, kowane asibitin koyarwa, daga Zariya zuwa Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos, ana zuƙe shi a kai a kai. Ba sai an ƙara wa kowa ciwo ba, ba sai an ƙara soka allura ba. Abin da ya fi wuyar samu a wannan bincike muna da shi, makwarara muke ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a fara zaɓa wa marasa lafiyarmu magani da faranti gobe ba, kuma wannan ne gargaɗin da na fi so ka riƙe. A 2018 wani bincike a Landan kan dajin hanji da tumbi ya tayar da ƙura, domin duk maganin da ya kasa a faranti ya kasa a jikin mutum. Murna ta yi yawa. Da Holan ta gwada abin a aikace kan masu dajin hanji, a gwajin da aka kira SENSOR, mutum 61 suka shiga, shida kaɗai suka kai ga karɓar maganin da farantin ya zaɓa, kuma babu ko ɗaya da ƙarinsa ya ja baya yadda ake nema. Dalilan a bayyane suke. Raino yana cin makonni, mai ciwon da ya bazu ba shi da makonnin. Farantin ba shi da jijiyoyin jini, ba shi da hanta, ba shi da sojojin garkuwar jiki sai in an kawo su an haɗa. Ina faɗar haka ne don na san ƙasarmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ranar da kalmar oganoyid ta shiga rediyo, za a samu mai buɗe shago yana cewa kawo miliyan kaza mu gwada maka magani a kan ciwonka. Iyalin da suka sayar da gona don ɗan'uwansu ba za su tsaya tambaya ba. Ya kamata cibiyarka ta riga su magana, ta faɗa a fili cewa wannan bincike ne tukuna, kuma ba a karɓar kuɗin mara lafiya a kansa.

In haka ne, me zai sa mu wahala? Saboda maganin da ake sayar mana da tsada an auna shi ne a jikin wasu. Tun 2004 aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado ta EGFR shi ke sa magunguna irin su gefitinib su yi aiki kamar yankan wuƙa, daga baya osimertinib ya zo. Wannan sauyi ana samunsa a kashi 10 zuwa 15 na Turawa masu adenokasinoma, wato nau'in dajin huhun da ya fi yawa, amma a gabashin Asiya ya kai kashi 40 zuwa 50. Bambanci ne babba, kuma ya sauya yadda Sin da Japan da Koriya suke tsara gwaji da sayen magani. Binciken da aka yi kan mutanen Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai. Ƙwayoyin dajin huhun da kusan kowane ɗalibi ke fara aiki da su, A549, daga jikin wani Bature mai shekara 58 aka ɗebe su a 1972. A 2016 cibiyar cutar daji ta Amurka da takwarorinta na Ingila da Holan suka haɗu don tara sabbin samfura kimanin dubu na dajin mutane, su zama ma'ajiyar da duniya za ta riƙa gwada sabbin magunguna a kai. Amurka kuma tun ƙarshen 2022 ta sauya dokarta, ba dole ba ne sai an gwada kowane sabon magani a jikin dabba, ana iya kawo hujja daga irin waɗannan samfura. Ma'ana nan gaba waɗannan farantai ne za su riƙa tace maganin da zai wuce da wanda za a ajiye. Wanda ciwonsa ba ya cikin ma'ajiyar, an yi rabo ba ya nan. Macen da ta shekara talatin tana girki da itace a rufaffen madafi, da makanikin da ke shaƙar hayaƙin dizal, da mai haƙar ma'adinai a Zamfara ko Filato, huhunsu yana da labarin da ba za a same shi a Utrecht ba.

Saboda haka roƙona na farko ba gini ba ne. Don Allah kada a gina mana katafariyar cibiya a yanke zare, a bar akwatin ɗumi cikin leda. A fara da ƙa'ida ɗaya da za a yi tare da shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa: duk wanda aka ɗora kan maganin fuka ba tare da an ga ƙwayar ba, kuma bai samu sauƙi ba, a tura shi neman daji, duk ruwan ƙirjin da aka zuƙa daga babban mutum ya bi ta hannun likitan binciken tsoka, wato mai duba nama da ruwan jiki ta madubin likita don gano cuta. Wannan kaɗai zai ceci mutane ko da ba a raya oganoyid ko ɗaya ba, kuma in babu shi sauran zancen tatsuniya ne, domin wanda zai tabbatar maka daji kake raino ba lafiyayyen huhu ba shi ne wannan likitan.

Sannan a zaɓi asibitin koyarwa ɗaya ko biyu, a ba su ɗaki guda da wutar da ba ta ƙiftawa. Na nanata wuta. Akwatin ɗumi da firizar da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba su san uzuri ba, dare ɗaya aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, aikin shekara ya tafi. Sola da batura su zo kafin kowace na'ura. Ajiyar dindindin a cikin ruwan nitrojin ake yinta, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, tunda Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cuta ta IHVN da ke Abuja ta daɗe tana riƙe da ma'ajiyar samfura da aka kafa ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka. A zauna da su. Matrigel kuma, 'yar kwalbar mililita goma ɗaruruwan daloli ce, a daskare take tafiya, in ta kwana biyu a hannun jami'an kwastan ta zama shara. Takarda ɗaya daga ofishinka zuwa nasu za ta iya magance wannan. Ko da shekara biyu za a yi ana tace ruwan ana daskarar da ƙwayoyin kawai, tare da cikakken tarihin kowane mara lafiya, ba asara ba ce, don daskararru suna farfaɗowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato yardar mai nama. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin dajin bakin mahaifar Henrietta Lacks, wata baƙar fata, a asibitin Johns Hopkins ba tare da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyinta suna nan raye har yau a dubban ɗakunan bincike, ni kaina na yi aiki da su, kuma sai a 2023 iyalinta suka cimma sulhu da ɗaya daga cikin kamfanonin da suka ci ribarsu. Mu ma ba mu buƙatar aron labari. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara 200, da 11 da suka rasu, da shari'ar da ta ja har 2009. Mun kuma ga yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cire nama ba da izini ba, kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa yana nan, amma takarda mai shafi takwas da Turanci da aka miƙa wa mai haki ya dangwala yatsa ba izini ba ce. A yi bayanin da Hausa, da baki, a gaban wani nasa, a rubuta da boko da ajami. A faɗa masa gaskiyar da ta fi wuyar faɗa: wataƙila wannan ba zai amfane ka ba, sai na bayanka, ƙwayoyinka za su iya rayuwa bayan ka rasu, za a iya aika su wata ƙasa, kana da ikon cewa a'a kuma ba za a rage maka kulawa ba.

Da na yi wa innarmu bayanin aikina bayan rasuwar kawu, ba ta tambaye ni magani ba. Cewa ta yi, "To shi naman, in kun gama da shi, kuna binne shi?" Ban sami amsa mai kyau ba, don ƙona shi ake yi tare da sauran sharar asibiti. A wurinmu abin da aka yanke daga jikin mutum ana suturta shi, ko mahaifa ba a yar da ita. Wannan tambaya za ta taso a kowane gado, kuma bai kamata a bar wa ƙaramin ma'aikaci ya ƙirƙiro amsa ba. A kira malamai da limaman coci tun kafin a ɗebi samfurin farko, a nuna musu farantin da idonsu, su faɗi abin da ya halatta da yadda za a yi da ragowar. Haka kuma duk yarjejeniyar fitar da samfur waje ta ƙunshi cewa kwafi yana nan gida, sakamako zai dawo, kuma yaranmu za su je su koyi aikin su dawo da shi, kada mu zama masu kai ɗanyen kaya kamar yadda muka yi da gyaɗa da fata.

Aikin hannun kansa ba gagara-badau ba ne. Ma'aikacin ɗakin gwaji mai tsabta da haƙuri zai iya kama shi cikin 'yan watanni, kuma muna da irinsu da yawa suna zaune suna gwajin zazzaɓin cizon sauro daga safe zuwa yamma. Mu da ke waje muna nan, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ni hutuna na shekara mako biyar ne, a gida nake yinsa. Idan aka samu ɗaki da wuta da izinin kwamitin ɗa'a, zan zo da littafin aikina, har da shafukan da na rubuta kurakuraina, in tsaya da duk wanda kuka zaɓa har ya raya farantinsa na farko.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin bincike, ɗan Najeriya mazaunin Turai.